Tabon da ya ƙi fita a kwanon masai: laifin ruwa ne, ba na hannu ba

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina zaune a gidan haya a Aboabo, Kumasi, ruwan bohol muke amfani da shi. Kwanon masanmu ya yi jan tabo daidai inda ruwa yake tsayawa, ƙarƙashin bakinsa kuma ya yi kanta ruwan ɗorawa. Kullum ina zuba Parazone ina dirzawa, amma kamar ƙara shi nake yi. Mene ne mafita?

Amsa: Wa alaikumus salam, Hajiya. Lallai ƙara shi kike yi, kuma ba don kin gaza wajen tsafta ba. Jan nan tsatsa ce. Ruwan bohol a wurare da dama yana ɗauke da sinadarin ƙarfe a narke, ido ba ya ganinsa, sai ya haɗu da iska ya koma ja ya manne. Parazone bilic ne, aikinsa kashe ƙwayoyin cuta, amma idan ya haɗu da ƙarfen da ke cikin ruwa sai ya gaggauta mayar da shi tsatsa. Kantar da ke ƙarƙashin baki kuwa gishirin ruwa ne da na fitsari suka daskare, irin wadda ake gani a gindin butar shayi. Bilic na iya sa ta yi fari na kwana biyu, amma ba ya narkar da ita. Abu mai tsami ne kawai yake cin su duka biyun.

Kafin komai, ki ajiye Parazone, ki kora kwanon da ruwa sau biyu ko uku. Wannan ba ƙaramar magana ba ce: bilic idan ya haɗu da duk wani abu mai tsami, ko ruwan khal ne ko Harpic, yana tayar da iskar kulorin mai ƙona ido da huhu, banɗakunanmu kuma yawanci ƙanana ne marasa taga mai kirki. Ki bar ƙofa a buɗe, ki sa safar hannu ta roba.

Daga nan sai rage ruwan kwanon, domin a nan mutane da yawa suke asarar magani: suna zuba shi cikin ruwa, ya tsinke, ya rasa ƙarfi. Ki rufe ɗan famfon da ke kai ruwa tanki, ki kora, sannan ki kwashe sauran da tsohon kofi da tsumma har tabon ya fito fili. Ki zuba farin ruwan khal lita 1 ya rufe tabon. Idan kin samu hodar sitirik asid a wurin masu sayar da kayan haɗa sabulu, ta fi shi ƙarfi a kan tsatsa: babban cokali 4 a ruwa mai ɗumi lita 1. Mai ɗumi na ce, ba tafasasshe ba, don tafasasshen ruwa yana iya tsaga kwanon. Ƙarƙashin baki, inda ruwa ba ya zama, ki jiƙa takardar banɗaki da maganin ki manna ta zagaye. Ki bar shi ya kwana, awa 6 zuwa 8. Tunda gidan haya ne, ki sanar da sauran 'yan gida tun da dare, kada wani ya kora da asuba aiki ya koma baya. Da safe ki cire takardar ki jefa a shara, ki dirza da burushi, ki buɗe famfo ki kora. Tabon da ya shekara yakan nemi a maimaita dare biyu ko uku. Kada ki haɗa ruwan khal da bakin soda: kumfar tana burge ido, amma kashe tsamin juna suke yi.

In an yi haka ya rage saura, sai dutsen goge kaushi, amma na ainihi, mara nauyi, wanda yake yawo a saman ruwa. Ki jiƙa shi, ki jiƙa kwanon, ki goga a hankali. Soson ƙarfe, wuƙa da yashi kuwa ki nisance su. Santsin kwanon wani siririn rufi ne mai kama da gilashi. Da zarar ya karce, datti ya samu wurin zama har abada, babu maganin da zai dawo da shi. Haka ma asid ɗin da ake sayarwa a roba ba suna ba bayani, balle ruwan batir: suna ƙona fata, suna cin simintin tsakanin tayil da duk ƙarfen da suka taɓa.

Akwai abin da ya kamata ki tambayi mai gida: masan yana zuba ne a ramin sokawe ko a bayodaijesta? Gidaje da yawa a Kumasi da Akra yanzu bayodaijesta suke da shi, shi kuma ƙananan halittu ne a ciki suke cinye ƙazanta. Yawan bilic da asid mai ƙarfi yana kashe su, sai wari da toshewa su biyo baya. In shi ne, ki tsaya a kan ruwan khal ko sitirik, ki kuma kwashe maganin da kofi kafin ki kora. In ba shi ba ne, za ki iya amfani da maganin masai na kanti mai asid, gwargwadon mintunan da aka rubuta a jikin robar.

Saura hana shi dawowa. Ki ɗaga murfin tankin masan ki leƙa. Idan akwai jar laka a gindi, ki wanke ta, don ita ake korowa kullum. Idan kuma tabon ya yi layi daga sama zuwa ƙasa, tankin yana yoyo ne. Ki share bangon baya na cikin kwanon har ya bushe, ki manna busasshiyar takarda, ki dawo bayan minti 30. In ta jiƙe, robar da ke toshe gindin tanki ta mutu, mai gyaran famfo zai canza ta da kuɗi kaɗan. Babban tankin gidan ma yana son wanki lokaci-lokaci, kuma in 'yan gida za su haɗa kuɗi a sa matacin da ke cire sinadarin ƙarfe a bakin bohol ɗin, har fararen kayanku za su huta. Kafin nan, kofi 1 na ruwan khal da burushi sau ɗaya a mako ya wadatar, bilic kuma a ba shi ranarsa daban.