Shin malamin zaɓe yana da ikon korar mutum daga rumfar zaɓe?

Tambaya daga wani ɗan'uwa a Daura: Barista barka da aiki. A zaɓen gwamna na 18 ga Maris 2023 yayana ya yi musu da ɗan bautar ƙasar da ke kula da akwatinmu akan layi, sai yaron ya sa ɗan sanda ya fidda shi, ga shi bai ma jefa ƙuri'a ba. Wai yaro ɗan bautar ƙasa yana da wannan ikon?

Amsa: Ɗan'uwa barka kadai. E yana da shi, kuma ba ɗan ƙarami ba. Mu nan shekarun mutum muke fara kallo, mu ga yaro cikin kaki wanda ko Hausa bai ji sosai sai mu raina shi, alhali ranar zaɓe shine shugaban rumfa, ko mai unguwa ko kansila ko ciyaman ya zo wurin to ƙarƙashin umarninshi yake. Sashe na 58 na Dokar Zaɓe ta 2022, wadda aka yi wancan zaɓen da ita, ya ɗora mashi tsara shigar masu zaɓe da tabbatar da doka da oda, ban da masu zaɓe ya hana kowa shiga in ba ɗan takara ba ko ejan na jam'iyya ko ma'aikatan zaɓe ko masu sa ido da INEC ta tantance. Duk wanda ya tada hayaniya ko ya ƙi bin umarnin da ke kan doka yana iya cewa a fidda shi, ko da ejan ne mai kati rataye a wuya, kuma wanda aka fidda baya dawowa a wannan ranar sai da izininshi. Ɗan sandan da ke tsaye gefe ba shi ke gudanar da zaɓe ba, nashi tsaro ne da zartar da irin wannan umarnin.

To amma ga inda maganar yayanka ta dame ni. Wannan sashen dai da kanshi ya ce ba za a yi amfani da korar a hana wanda ya cancanta damar jefa ƙuri'arshi ba. Ma'ana ana iya fidda shi don ƙura ta lafa, amma in yana da katin zaɓe, sunanshi na cikin rajistar akwatin, na'urar tantance masu zaɓe ta BVAS ta tantance shi, dole a barshi ya dangwala sannan ya tafi gida. In har an rufe akwati bai yi zaɓe ba duk da ya dawo cikin lumana ya nema, wallahi an tauye mashi haƙƙi, kuma ma'aikacin zaɓen da ya saɓa aikinshi ba tare da uzuri ba sashe na 120 na waccan dokar ta 2022 ya tanadar mashi tarar da zata iya kai naira 500,000 ko ɗaurin wata 12 ko duka biyun. Matsalar mu ita ce da an fidda mutum sai zuciya ta ɗebe shi ya hau babur ya tafi yana zage-zage, shikenan ƙuri'a ta tafi a banza, kuma wasu 'yan siyasa da gangan suke tunzura mutane don hakan ta faru a akwatin da suka san ba zasu ci ba.

Sannan mutane basu san cewa dokar bata tsaya a bakin tebur ba. Sashe na 126 na dokar ta 2022 ya hana, a cikin mita 300 daga rumfa, yin kamfen ko roƙon ƙuri'a, ihun taken jam'iyya, sa hula ko riga mai tambarin jam'iyya, riƙe makami, kunna jiniya, hukuncin da ta tanadar a lokacin tarar naira 100,000 ne ko wata 6 a gidan yari. Wanda ya fizge ko ya lalata kayan zaɓe ɗaurin wata 24 ta tanadar mashi, ƙauraye da masu turo su su ji da kyau. Tsayawa ka ga an ƙirga ƙuri'a kam INEC ta yarda dashi matuƙar cikin natsuwa ne.

In irin haka ta sake faruwa ka ce ma yayanka kar ya ja da ɗan sanda, ya matsa gefe ya sha ruwa, ya tura ejan ko wani dattijo ya shaida ma malamin zaɓe cewa bai jefa ƙuri'a ba kuma yana son ya jefa, ya yi hakan kafin ƙarfe 2:30 na rana da ake rufe layi. In an ƙi, a kira jami'in INEC mai zagaya akwatunan mazaɓar, sannan a rubuta ƙorafi zuwa ofishin INEC na ƙaramar hukuma da lambar akwatin da lokacin da abun ya faru da sunayen waɗanda suka gani da idonsu.