Ku Tambaya Mu Amsa: Ƙungiyar ƙwadago gatan ma'aikaci ce, ko kaya ce a kan talaka?

TAMBAYA

Assalamu alaikum Malam. Ni ɗan kasuwa ne, ina da shagon kayan masarufi da yara biyu da ke taya ni tsaro. Masu karɓar haraji ba sa tsallake ƙofata: na ƙaramar hukuma ya zo, na jiha ya zo, na shara ma ya zo. Babban ɗana yana jami'a aka shiga dogon yajin aikin nan na malamai, ya dawo gida ya zauna har na fara tsoron kada ya lalace. Kuma duk sanda aka ce an ƙara albashi, kafin kuɗin su shiga hannun ma'aikata kaya sun tashi, ni da ba ni da albashi ni ke shan wuya. Ƙanina malamin firamare ne, kullum muna musu, shi yana cewa ba don ƙungiya ba da tuni an mayar da su bayi. Don Allah a warware mana: waɗannan ƙungiyoyi taimakon ma'aikaci suke yi, ko kuɗinmu kawai suke ci?

Daga wani Alhaji mai shago, Zariya.

AMSA

Wa alaikumus salam Alhaji. Allah ya sa albarka a kasuwa, ya shirya mana zuri'a.

Ƙaninka bai yi ƙarya ba. Mafi ƙarancin albashi na farko a ƙasar nan, naira 125 a 1981 zamanin Shagari, sai da uwar ƙungiyar ƙwadago ta ƙasa, NLC, ƙarƙashin shugabanta Hassan Sunmonu ta tsayar da aiki a faɗin ƙasa kafin a amince da shi. Haka aka yi ta ja-in-ja kafin a kai naira 18,000 a 2011, da 30,000 a 2019, da 70,000 a watan Yulin 2024. Babu ɗaya daga cikin waɗannan da gwamnati ta wayi gari ta bayar don tausayi. Ko ginin da ɗanka yake ɗaukar karatu a ciki, idan ka ga an rubuta TETFund (asusun tallafa wa manyan makarantu) a jikinsa, asalinsa yarjejeniyar da ƙungiyar malaman jami'o'i ta ASUU ta matsa aka yi a 1992 ne, wadda ta haifar da harajin ilimi a kan ribar kamfanoni a 1993. Ka zagaya jami'o'in Arewa ka ƙirga sababbin gine-ginen da ba wannan asusu ne ya yi su ba, ba za ka gaji da ƙirga ba.

Kuma ba ma'aikaci kaɗai ya taɓa cin moriya ba. A watan Janairun 2012, da gwamnatin Jonathan ta cire tallafin man fetur lita ta tashi daga naira 65 zuwa 141, yajin aiki da zanga-zanga ne suka dawo da ita 97. Mai shago da ɗan acaɓa duk sun sha man nan a kan 97.

Yanzu batun haraji. Na yi rayuwar aikina a sashen albashi na wata ma'aikata, ina shirya takardar biya duk wata, don haka bari in nuna maka abin da ke cikinta. Layin farko albashin mutum ne gaba ɗaya. Kafin a kai layin ƙarshe an cire haraji, an cire na fansho, an cire kuɗin ƙungiya, in yana da bashin banki ko na ƙungiyar adashen ofis shi ma an cire. Harajin ma'aikaci tun daga tushe ake yanke shi, bai taɓa ganinsa ba balle ya roƙi ragi. Kai in mai rasit ya zo kana iya cewa kasuwa ba ta yi ba, ku daidaita. Ƙaninka ba shi da wannan ƙofar. Saboda haka wannan rabon da ake yi, a ce ga ma'aikata can ga masu biyan haraji nan, bai zauna ba. A jihohi da yawa harajin da ake cirewa daga albashi shi ne kaso mafi tsoka na kuɗin shigar cikin gida. Ban da haka, yawancin jihohinmu na Arewa ba da harajin kasuwa suke biyan albashi ba, da kason da ake rabowa daga Abuja duk wata suke biya.

Sannan ina albashin yake zuwa in ya fito? Na san masinja a ofishinmu wanda katin cirar kuɗinsa ba ya kwana a aljihunsa, yana cikin durowar mai shagon unguwarsu tare da lambar sirrin a rubuce a ƴar takarda. Ranar da aka yi biya mai shago ne ke fara sani. Ya cire kuɗin shinkafa da man girki da sabulun da aka ci bashi, ya miƙa masa canji. Na tabbata in ka buɗe littafin bashinka za ka ga irinsa. Watan da gwamna ya riƙe albashi, wa ke kwana da littafin nan a ƙarƙashin matashi?

Maganar tashin kaya kuwa, kana da hujja, amma tsohuwa ce. Dattawan kasuwa ba su manta da Udoji ba, ƙarin albashin da gwamnatin Gowon ta yi aka biya da ariyas a 1975, kuɗi suka cika gari, rediyo da babur suka ƙare a kantuna, farashi ya yi tashin gwauron zabi. A wancan karon ƙarin ne ya ja kaya. A wannan karon tsarin ya juya. An cire tallafin mai ranar 29 ga Mayun 2023, aka sakar wa kasuwa darajar naira a watan da ya biyo, kaya suka yi sama, sai bayan fiye da shekara guda albashi ya biyo baya yana ɗingishi. Lokacin da aka sa hannu a kan 70,000, buhun shinkafa ya riga ya wuce wannan kuɗin a kasuwanni da yawa. Naira 125 ta 1981 ta haura dala 200. Dubu saba'in ta 2024 ba ta kai dala 50 ba.

To amma nauyin da kake ji a wuyanka na gaskiya ne, kuma ba zan rufa wa ƙungiyoyi asiri a nan ba. Ba a rasit ɗin haraji yake ba, a ƙofar makaranta da ta asibiti yake. A 2020 ASUU ta yi wata tara tana yajin aiki. A 2022 ta sake, daga 14 ga Fabrairu zuwa 14 ga Oktoba, wata takwas cur. Ɗan minista ba ya cikin waɗanda suka zauna a gida, yana Ingila ko jami'a mai zaman kanta. Ɗanka ne ya zauna. Da likitoci masu neman ƙwarewa suka ajiye aiki a watan Agustan 2021 har kusan wata biyu, mai hali ya ɗauki mara lafiyarsa ya kai asibitin kuɗi, marar hali ya koma gida da mai naƙuda. Ranar 3 ga Yunin 2024 ƴan ƙwadago suka kashe babban layin wutar ƙasa, suka rufe filayen jirgin sama. Fadar gwamnati tana da janareto. Mai niƙa da mai walda da mai sayar da ƙanƙara su ne suka yi asarar yini.

Nan ne matsalar take. Yajin aiki makami ne da aka ƙera don mai masana'anta: in injin ya tsaya ribarsa ta tsaya, dole ya zo teburin sulhu da gudu. Gwamna kuwa ba ya asarar ko sisi in an rufe makarantar firamare, wani lokaci ma riba yake ci, tunda doka ta ba shi damar cewa ba aiki ba biya. Shi ya sa yajin aikin ma'aikatan gwamnati yake daɗewa. Wanda ake son ya ji zafi ba ya ji, wanda yake ji ba shi da kujera a wurin tattaunawa.

Akwai kuma inda ƙungiya ke kare abin da bai kamata a kare ba. A 2017 gwamnatin El-Rufai a jiharku ta yi wa malaman firamare kusan 33,000 jarrabawa ta matakin aji huɗu, 21,780 suka kasa kai makin da aka gindaya, aka sallame su, ƙungiyar malamai ta NUT ta tafi yajin aiki. Ana iya sukar yadda aka yi jarrabawar, kuma ya kamata a tambayi wanda ya ɗauki mutanen aiki tun farko, don ba ƙungiya ce ta raba takardun ɗaukar aiki a gidajen ƴan siyasa ba. Amma da NUT ce ta fara fitowa shekaru kafin nan ta ce akwai waɗanda ba su iya koyarwa ba a cikinmu, a horar da su ko a canza musu aiki, da iyayen yara sun tsaya mata ranar da ta buƙace su. Haka batun ma'aikatan bogi. Na ga sunan wanda muka yi wa jana'iza yana ci gaba da fitowa a takardar biya, kuma ana cire masa kuɗin ƙungiya kamar kowa. Ban taɓa ganin shugaban reshe ya zo ya ce a goge shi ba. Wannan kam cin kuɗin jama'a ne, kuma shirun ƙungiya a kai laifi ne.

Abin da ya fi damuna ma ba wannan ba ne. Ƙungiyoyinmu suna da ƙarfi inda gwamnati ce mai biya, ba su da shi inda aka fi danne ma'aikaci. Fiye da kashi 90 cikin 100 na masu aiki a Najeriya ba su da takardar ɗauka, ba su da fansho, ba su da reshe. Malamar makarantar kuɗi da ake biya abin da bai kai rabin mafi ƙarancin albashi ba, da ɗan kwantiragi a masana'antun Sharaɗa da Bompai a Kano, da mai gadi, wa ke yi musu magana? Dokar mafi ƙarancin albashi ma ta tsame duk wurin da ma'aikatansa ba su kai 25 ba, wato yaran shagonka biyu ba su cikin lissafi (ban tambaye ka nawa kake ba su ba, wannan tsakaninka da Allah). Da can ba haka abin yake ba. Ƙungiyar ma'aikatan masaƙu ta Kaduna, wadda Adams Oshiomhole ya fito daga cikinta, da masu kamfani take ciniki, kuma tana samo wa mutanenta. Da masaƙun suka durƙushe, masaƙar KTL ta Kaduna ta rufe a 2002, ma'aikatanta suka shafe shekaru suna bin haƙƙinsu, da yawa suka mutu ba su karɓa ba. Abin da ya rage wa ƙwadago a Arewa galibi ma'aikatan gwamnati ne, shi ya sa duk faɗan da ka gani yanzu da baitulmali ake yin sa.

Kai ma fa ɗan ƙungiya ne, Alhaji. Ranar da aka ninka muku kuɗin rumfa, ba kai kaɗai kake zuwa sakatariya ba, shugabannin kasuwa kuke turawa, in ta ƙi ku rufe shaguna. Da an ce a rushe ƙungiyar ƴan kasuwa don masu sayayya suna wahala ranar da kuka rufe, ba za ka yarda ba.

Don haka ka bar yi wa ƙaninka musu a kan ko ƙungiya ta wanzu, ka tura shi da tambayoyi. Tunda duk wata ana cire masa kuɗi, kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski: yaushe reshensu ya karanta musu lissafin kuɗin shiga da fita? Sunayen bogi nawa suka kai rahoto? In za su tafi yajin aiki, me suka tanada wa ƴan aji shida masu jarrabawa a gaba? Dokar 2024 ta rage wa'adin sake duba mafi ƙarancin albashi daga shekara biyar zuwa uku, ke nan a 2027 za a sake zama. Kafin lokacin, ƙungiyarku ta kasuwa tana iya rubuta wa majalisar jiha ta nemi a wallafa adadin ma'aikata da jimillar albashinsu na wata, ma'aikata bayan ma'aikata, ƙaramar hukuma bayan ƙaramar hukuma. Ku nemi reshen NLC na jiha ya sa hannu tare da ku, ku ga ko zai sa.