Hannun akwati na ɗauka ne, ba na ratayewa ba

Ka ce tunda akwatin lasifika yana da hannu, me zai hana mu zura igiya mu ja shi sama, mu huta da wahalar firam, wato ƙarfen da ake rataye akwatunan a jikinsa, da shakul, wato maƙalin ƙarfe mai siffar U? A waya ka gani ko? Halinku ke nan yaran yanzu, ku kalli bidiyon minti ɗaya a TikTok ku taso kuna gyara wa manya aiki.

Hannun nan 'yan sukurori ne suka riƙe shi a jikin katako. An yi shi don mutum biyu su sauke akwati daga mota. Ka bar shi a sama yini guda, ƙarar bes na girgiza shi, rana na dukansa, katakon zai saki. Akwatin da aka ƙera don ratayewa ƙarfe ne a gefensa, fil ke haɗa wannan da wancan, nauyi yana bin ƙarfe har firam. Na sama kuma shi ke ɗauke da duk na ƙasa. Akwatin K2 na kamfanin L-Acoustics kilo 56 ne guda ɗaya. Jera takwas, ka haura kilo 440 a saman kawunan bayin Allah, ban da firam da wayoyi.

Maganar nan taka ta fama min tsohon miki. Lokacin wani kamfe, wani ɗan kwangilar taro ya ɗauke ni aiki a fili. Ni in kawo sauti, shi ya kawo dandamali da ƙarafan ratayewa. Ya rantse na alminiyam ne, daga Legas za su zo. Ina isa na tarar da fayif ɗin ruwa, mai walda ya harhaɗa, an shafe da fenti ruwan azurfa. Na hau da kaina na duba: waldar ɗige-ɗige ce, wani wurin farce ma yana shiga. Na ce masa ba na rataye ko akwati ɗaya a nan, a ƙasa zan jera su kan akwatunan bes. Ya hau faɗa, wai manya za su zo, yana so a ga sauti a sama irin na Abuja. Na ce sai dai ya nemi wani.

Ya yi shiru kamar ya haƙura. Na tafi sallar La'asar, daga nan na wuce neman dizal. Ashe ya ja yarana biyu gefe ya ba su na goro, suka ɗaga akwati shida da cenbulok, sarƙar nan ta ɗaga kaya masu nauyi. Gab da Magariba guguwa ta taso, jerin ya yi lilo, sandar ta ɓalle daidai wurin waldar. Allah ya taƙaita, jama'a ba su riga sun matso gaba ba. Akwati huɗu suka tarwatse, maganaɗisun lasifika ya rabu da kwanonta, babu abin gyarawa.

Ka san me mutumin nan ya ce? Wai kayana ne suka yi nauyi suka karya masa ƙarfe! Ya riƙe cikon kuɗina. Aka kai magana gaban dattawa, suka ce ƙaddara ce, a yi haƙuri. Fili na sayar kafin na mayar da akwatunan nan, shi kuwa har yau yana karɓar kwangila. Yaran a daren na sallame su.

To buɗe kunnenka. Shakul da babu rubutun WLL a jikinsa, wato iyakar nauyin da aka yarda ya ɗauka, jefar da shi, ko nawa ka saya. Nagari sai ya ɗauki ninki biyar na abin da aka rubuta kafin ya karye, amma rarar nan ta fizga da iska ce, ba ta ƙara akwati ba. Idan ka raba nauyi kan wayar ƙarfe biyu, kada ka bari su buɗe sosai. Kusurwar tsakaninsu ta kai digiri 120, kowace na ɗauke da cikakken nauyin. Ƙarin wayar ƙarfe ta tsaro dole ce, a wani wurin daban za ka ɗaura ta. Iska kuwa ba a jayayya da ita: a 2011 ta rushe dandamali a Indiyana ta Amurka, mutum bakwai suka mutu, alhali ƙarafan kamfani ne. Ka ga hadari, sauke kaya, ko wa ke riƙe da makirfo.

Yadda ake ɗaure fil da jan sarƙa ba zan ɓata bakina ba, kana da ido. Gobe da safe ka fito da shakul ɗinmu duka ka shimfiɗa a tabarma, ka ware masu tsatsa da waɗanda suka lanƙwashe, zan zo in duba ɗaya bayan ɗaya.