Anti, ɗaga ƙarfe ne ke faɗaɗa min ƙugu?

Assalamu alaikum Anti, da fatan kina lafiya, ya aiki? Ni matar aure ce, shekarata 30, 'ya'yana biyu. Ƙaramin yana da shekara ɗaya da wata huɗu, ban yaye shi ba tukuna. Wata biyar ke nan ina zuwa gidan motsa jiki na mata, sau uku a mako. Da sandar ƙarfe zalla na fara tsugunno, yanzu ina yi da kilo 40, ɗagawa daga ƙasa kuma kilo 55. Ciwon bayan da ya daɗe yana damuna ya tafi. Kullum da safe ina atisayen ciki na kwanta-tashi sau ɗari, sannan in riƙe dambel, wato ƙaramin ƙarfen ɗagawa da hannu ɗaya, mai kilo 10 ina lanƙwasawa gefe, hamsin dama hamsin hagu, don kwiɓina ya shiga.

Makon jiya na kai ɗinkin biki, tela ta zagaya tef ta ce inci 34, alhali 33 ne a littafinta na bara. A sikeli ma na tashi daga kilo 70 zuwa 72, tsayina kuma santimita 160. Ƙanwar maigidana ta ce ƙarfen ne, wai haka yake mayar da mace sambal, ba shiga ba fita. Ta ce in nemi bel ɗin matse ciki da shayin rage teɓa. Raina ya ɓaci ƙwarai. Anti, in daina ne?

Maman yara biyu, Kaduna

Wa alaikumus salam ƙanwata. Kada ki daina. Abin da ya raba ki da ciwon baya ba a yar da shi saboda inci ɗaya na tela, balle ba mu ma tabbatar incin na gaske ba ne. Tela kan kaya take awo, a inda siket zai zauna, sau da yawa da rana bayan kin ci kin sha. Ki auna da kanki: da safe bayan kin zaga, kafin karin kumallo, ki lalubo haƙarƙarinki na ƙarshe da saman ƙashin ƙugu, ki ɗora tef a tsakiyarsu kan fata. Ki fitar da numfashi yadda kika saba, kada ki tsuke ciki, kada tef ya nutse. Ki yi haka kwana uku a jere a makon da ya biyo bayan al'ada, domin gab da zuwanta jiki kan riƙe ruwa, ciki ya kumbura.

Tef ɗin nan abu huɗu yake zagayewa: ƙashi, tsoka, kitse, da abin da ke cikin hanji. Ƙashi halitta ne. Wadda tazarar haƙarƙarinta da ƙashin ƙugunta ke da tsawo takan fi samun shigar kwiɓi, kuma babu atisayen da ke canza wannan.

Tsokar kuwa, wadda ake ɗora wa laifi, ba ta da kaurin da ake zato. Akwai doguwa a gaba, daga ƙirji zuwa mara. A kwiɓi akwai shimfiɗa uku, biyu a karkace suna gitta juna, ta can ciki kuma ta zagaye ciki kamar ɗamara. A yawancin mata kaurin kowacce bai kai santimita ɗaya ba. Ko da bangon ya ƙaru da milimita biyu ko'ina, rabin inci kacal tef zai nuna. A tsugunno da ɗagawa daga ƙasa aikin waɗannan tsokoki riƙe gadon baya ne kada ya lanƙwashe. Masu ɗaukar nauyin su ne cinyoyi da mazaunai da baya, su ne kuma ke cika. In suka cika, ido ma sai ya ga ƙugun ya ƙara shiga. Ga shi sinadarin testosteron da ke hanzarta ginin tsoka, na mace yawanci bai wuce kashi ɗaya cikin goma na namiji ba.

Abin da zan ce ki ajiye shi ne dambel ɗin nan na lanƙwasa gefe. Tsoka tana kauri ne idan aka ɗora mata nauyi kai tsaye ana maimaitawa, ke kuma kullum haka kike yi wa ta kwiɓi, daidai inda kike son ya shiga. Ba ya ƙona kitsen wurin. Kwanta-tashi ɗari ma haka. A 2011 an yi gwaji a Amurka, mutane suka yi mako shida suna atisayen ciki kwana biyar a mako: tsokar ta ƙara juriya, amma kitsen ciki da awon ƙugu ba su ragu ba. Jiki daga ko'ina yake ɗebo kitsen da zai ƙona, ba daga inda ake motsawa kawai ba.

Na fi zargin abinci. Ɗaga ƙarfe yana ƙara yunwa, shayarwa ma haka, sai a ƙara malmala ba a lura ba, a bi da zoɓo mai sukari ko lemon kwalba. Kilo biyun nan wataƙila gauraye ne na tsoka da ruwa da kitse. Inci 34 santimita 86 ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce daga santimita 80 haɗarin ciwon sukari da hawan jini ke fara ƙaruwa ga mace, ya tsananta bayan 88, kuma rabin tsayinki ma 80 ne. Santimita 80 ɗin za ki nufa, a hankali, tunda kina shayarwa. Ki fara cire abin sha mai zaƙi, ki rage kwatan tuwo ko shinkafar da kike zubawa, ki cike gurbin da ganye. Ki nemi furotin kimanin giram 100 a rana: ƙwai ɗaya giram 6 ne, kifi ko nama mai girman tafin hannu wajen 20 zuwa 25, kofin dafaffen wake wajen 15, ga awara da kindirmo mara sukari. Ki ƙara tafiyar sauri ta minti 30, kwana biyar a mako. Kada ramar ta wuce rabin kilo a mako.

Akwai abin da nake so ki duba yau ɗin nan, tunda haihuwa biyu kika yi. Goyon ciki yakan buɗa doguwar tsokar gaba daga tsakiya, wasu kuma ba ta komawa daidai. Ki kwanta rigingine, ki tanƙwara gwiwoyi, ki sa yatsu a kwance sama da cibiya kaɗan, ki ɗago kai. Idan yatsu fiye da biyu suka nutse a tsakani, ko tsakiyar cikin ta tunkuɗo kamar kunyar gona, to ki dakatar da kwanta-tashi, ki ga likitan fisiyo, wato mai gyaran tsoka da gaɓoɓi ta hanyar atisaye. Irin wannan cikin yakan turo gaba ko mace ba ta da ƙiba. A madadin kwanta-tashi ki kwanta haka nan, ki fitar da numfashi sannu kina jan mara ciki, ki riƙe daƙiƙa 10, sau 10. Sai ki durƙusa kan hannu da gwiwa, ki miƙa hannun dama da ƙafar hagu ba tare da baya ya lotsa ba, takwas kowane ɓangare, zagaye uku. Sau uku a mako ya isa. Wajen ɗaga ƙarfe kuma, in fitsari na ɗigo miki ko kina jin nauyi a ƙasan mara, ki rage kilo, ki riƙa fitar da numfashi yayin miƙewa, ki faɗa wa likitan.

Bel ɗin matse ciki ba ya narkar da komai. Yana matsa hanji sama da ƙasa, ya takura numfashi, ya tayar da ƙwannafi, da kin cire kuma ciki ya koma yadda yake. Kada ki ɗaga ƙarfe da shi. Shayin rage teɓa da yawansu filasko ne a ciki, gudawa kawai yake sawa, ruwa ne ke fita ba kitse ba. Mai shayarwa ta nisance shi.

Idan kuma marar ta yi tauri, tana girma ita kaɗai, ko jinin al'ada ya yi yawa, ko ya ɗauke, ki je asibiti a yi gwajin ciki da sikanin, domin ƙarin mahaifa ya yawaita a cikin matanmu. In duk wannan babu, ki ci gaba da kilo 40 ɗinki, ki rubuta awonki na safe a littafi duk mako biyu, bayan mako takwas ki turo min lambobin mu duba tare.