A Buɗe BIOS Ko A Bar Shi? Amsoshin Wasiƙunku

Wasiƙun wannan karon kusan duk wuri guda suka dosa. An ji cewa kamfanoni sun ɓoye wani ƙarfi a cikin madabod, wato babban allon da komai na kwamfuta ke zaune a kansa, kuma da an yi wa BIOS 'yan dabaru sai ƙarfin ya fito. Akwai ƙamshin gaskiya a maganar, sai dai an zuzuta ta. BIOS manhaja ce da ke kwance a wani ɗan cif mai ƙafa takwas, galibi mai cin megabait 8, 16 ko 32, kuma ita ke tada injin tun kafin Windows ta farka. Idan ta lalace ba wani saƙon kuskure da za ka gani. Fanka ce za ta yi ta juyawa, fuskar kwamfuta baƙi ƙirin.

"Malam, na ga bidiyon wani ya mai da RAM ɗinsa daga 4GB zuwa 8GB ta hanyar gyara BIOS. Wane fayil zan sauke?"

Ko ɗaya. RAM ƙarfe ne da ake iya riƙewa a hannu, ba rubutu ba ne. Abin da mai bidiyon ya canza shi ne lambar da kwamfuta ke nunawa, kamar mutum ya goge 4 a jikin jarka ya rubuta 8, ya zauna jiran mai ya ƙaru. Ka sayi sanda ta biyu ka soka.

"Windows 11 ta ce kwamfutata ba ta da TPM 2.0. Wani ya ce sai an yi mata filashin da BIOS na musamman."

Kada ka ba shi kwamfutar, filashin na nufin sake rubuta BIOS a cif ɗinsa. Yawancin allunan shekarun baya-bayan nan suna da TPM, wato ɓangaren tsaro mai ajiye mabuɗan sirri, a ciki, a kashe kawai yake. Shiga saitin BIOS ka nemi PTT idan Intel ce, ko fTPM idan AMD ce, ka kunna, ka adana. Aikin minti biyu ne. In kuma furosesarka, wato ƙwaƙwalwar kwamfutar, ta girmi zuriya ta 8 ta Intel ko Ryzen 2000, wannan wata matsala ce daban, kuma filashin ba ya rage wa furosesa shekaru.

"Ina da tsohon allo na Z77 da i7-3770. Na sa SSD na NVMe a ramin PCIe da adafta. Windows na ganinsa, amma kwamfutar ta ƙi tashi daga kansa. In gyara BIOS ko in haƙura?"

Wannan ita ce tambayar da ta fi ma'ana a cikin tarin, ɗan'uwa. Allonka na 2012 ne, lokacin NVMe, wato sabon tsarin faifan SSD mai sauri, bai shigo kwamfutocin gida ba, shi ya sa BIOS ɗinka bai san yarensa ba. Hanyar tana nan a jikin allon, tafinta ne babu. Masu wannan aiki sukan buɗe fayil ɗin BIOS da manhajar UEFITool ko MMTool, su cusa ɗan direban da ake kira NvmExpressDxe, su mayar. Aiki ne da aka daɗe ana yi, kuma yana ci. A saitin za ka ga SSD ɗin ya fito da sunan Windows Boot Manager, muddin an girka Windows a tsarin UEFI, a faifai mai tsarin GPT.

Matsalar tana wajen mayarwa. Kamfanoni da yawa suna sa wa fayil ɗinsu hatimi, manhajarsu ta filashin kuma ba ta karɓar fayil da aka taɓa. Idan allonka na da maɓallin USB BIOS Flashback irin na wasu allunan ASUS, ko cif biyu irin DualBIOS na Gigabyte, kana da wajen faɗuwa mai laushi, sai in ce bismillah. Idan babu ko ɗaya, ga hanya da ba ta taɓa cif ɗin kwata-kwata: ka sa Clover, wata manhajar tada kwamfuta, a ƙaramin filashin USB ka bar shi a soke a bayan kwamfuta, shi zai tashi ya miƙa wa NVMe ragama. Zai ƙara maka 'yan daƙiƙu wajen kunnawa, shi ke nan asarar.

Kuma ka tambayi kanka me kake nema. In buɗe Word da burauza ne, tsakanin SSD na SATA da NVMe da wuya idonka ya ga bambanci. Bambancin da ake ji a jiki shi ne na barin faifai mai juyawa.

"Na ga tallar haɗin allo X99 da Xeon E5-2680 v3 da RAM, da araha sosai. Mai sayarwa ya rubuta cewa an riga an buɗe turbo, duk ƙwayoyi 12 na gudu a ƙarshen sauri. In saya?"

Zauna, ƙanena, wannan sai mun ɗan daɗe.

Buɗe turbo ɗin da yake faɗa ba ƙarya ba ne. Turbo shi ne ƙarin saurin da furosesa ke hawa na ɗan lokaci, ƙwayoyi kuma su ne sassan cikinta da ke raba aiki. Xeon E5 v3 na 2014 suna da wani kuskure tun daga masana'anta: idan aka cire gyaran da Intel ke sakawa a BIOS don toshe shi, ana iya tilasta wa duk ƙwayoyin furosesa su hau saurin da aka ware wa ɗaya ko biyu. A E5-2680 v3 wannan na nufin 3.3GHz, alhali asalin gudunta 2.5GHz ne. A v4 dabarar ba ta aiki. To amma furosesar wat 120 aka ƙayyade mata, kuma da aiki ya yi nauyi za ta buga wannan iyaka ta sauko da kanta. Shi ya sa masu buɗewa ke rage mata wutar da take sha. In suka rage fiye da kima, kwamfutar ta riƙa sumewa tsakiyar aiki. Nawa mai sayarwarka ya rage? Bai faɗa ba. Ya gwada ta awa nawa? Bai faɗa ba. Sassan da ke ba furosesa wuta a irin waɗannan alluna masu araha kuwa sau da yawa ƙanana ne, su ne ke fara dahuwa.

Sannan kalmar X99 ɗin kanta. Da yawa daga allunan nan marasa sanannen suna ba cifset, wato cif ɗin da ke haɗa sassan allo, na X99 ne a jikinsu ba, an ciro B85 ko H81 daga tsofaffin alluna an liƙa, BIOS kuma ya rufa asiri. Wasu ramukan RAM huɗu gare su amma hanya biyu kawai aka ja musu, alhali furosesar hanya huɗu take da ita.

Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya ke nan, kuma ba zan gaji da faɗa ba. Dabarar da mai sha'awa ke amfani da ita ya buɗe abin da ke kulle, ita ce dai macuci ke amfani da ita ya sa wa kaya sunan da ba nasu ba. Kwamfuta ba ta da ido, abin da cif ya gaya mata shi take maimaita maka. Shekara da shekaru ana ɗaukar katin hoto GTS 450 na 2010, mai ƙwayoyin aiki 192, a canza masa BIOS ya riƙa amsa sunan GTX 1050 Ti mai 768, har da iƙirarin 4GB alhali galibi 1GB ne a jikinsa. Mai saye ya kunna ya ga suna daidai, ya biya. Sai ran da wasa ya nemi fiye da ainihin abin da ke katin, hoto ya wargaje. Abin ya yi yawan da tun 2018 manhajar GPU-Z ta fara liƙa wa irin waɗannan katuna tambarin jabu. Haka ake yi wa katunan hoto RX 470 da suka gaji da haƙar kuɗin kirifto, a yi musu wanka a kira su RX 580. Ka duba adadin ƙwayoyin: cikakken RX 580 yana da 2304, waɗannan 2048. Banza ba ta kai zomo kasuwa. Duk wanda ya sayar maka da doki a kuɗin jaki, ka buɗe bakin dokin.

Na san inda wannan buri na "buɗewa" ya samo asali. A 2009 mutane sun sayi furosesar Phenom II X2 mai ƙwaya biyu, suka kunna wani saiti mai suna ACC, ta koma huɗu. A ƙarshen 2010 an yi ta mai da katin hoto Radeon HD 6950 ya zama kamar 6970. An ci banza a lokacin, ba musu. Amma ko a lokacin wasu ƙwayoyin an kashe su ne don suna da lahani, wanda ya buɗe su ya buɗo wa kansa ciwon kai. Kamfanoni kuma sun koyi darasi, yanzu a cikin silikon ɗin suke yanke hanyar, yadda babu fayil ɗin da zai dawo da ita. Ko damar da aka samu a ƙarshen 2015 ta ƙara wa furosesoshin Skylake marasa harafin K sauri, watanni kaɗan Intel ta sa aka rufe ta.

Ga kuma abin da ba a cika faɗa ba. BIOS da wani baƙo ya gyara, ba ka san me ya ƙara ba bayan abin da ya ce ya ƙara. A 2022 masu bincike na Kaspersky sun bayyana wata muguwar manhaja, CosmicStrand, da aka samu a kwance cikin BIOS na wasu alluna masu cifset H81. Irin wannan ko ka goge Windows, ko ka canza faifai, tana nan, don ba a faifan take zaune ba. Ka yi tunanin shiga asusun bankinka a kan injin da ba ka san wanda ya rubuta tushensa ba.

To in saya ko kar in saya? In na wasa ne da gwaje-gwaje, kuma in ya mutu ba za ka yi kuka ba, saya, amma ka nemi wanda ba a taɓa BIOS ɗinsa ba, ka buɗe manhajar HWiNFO ka ga ainihin cifset kafin kuɗi su bar hannunka. In da shi za ka ci abinci, ka nemi allon sanannen kamfani ko da na hannu ne, wanda za ka iya sauke BIOS ɗinsa daga shafin kamfanin.

"Don Allah a taimaka. Ƙanena ya sa wa laftof ɗina wani BIOS da ya sauke wai don ya buɗe ɓoyayyun saituna. Yanzu fitila na kamawa amma ba ta nuna komai. Duk aikin binciken kammala karatuna na ciki. Kwana biyu ban yi barci ba."

Kwantar da hankalinki, 'yar'uwa, aikinki na nan. BIOS daban, faifan da ke riƙe da fayilolinki daban, filashin bai shafe shi ba. A yawancin laftof ana ciro SSD a sa a 'yar kwalin USB a karanta a wata kwamfutar. Wannan za a fara yi, kafin kowa ya ɗauko abin gyara. Idan faifan ya nemi mabuɗin BitLocker, wato makullin da Windows ke kulle faifai da shi, lambobi 48 ne, ki duba asusunki na Microsoft ta waya, yawanci can yake ajiye.

Bayan nan a gwada hanyar ceto ta kamfani. A HP ana danne maɓallin Windows da B yayin kunnawa, a Dell kuma Ctrl da Esc yayin soka caja. In ba ta yi ba, sai mai gyara da na'urar rubuta cif, irin CH341A, da ɗan matsi mai kama ƙafafun cif ɗin. Ki gaya masa abu uku, ko da zai ga kin cika iyayi. Ya cire batir da caja. Ya karanta lambar cif ya tabbatar ko mai bolt 3.3 ne ko 1.8, domin wasu samfuran wannan na'ura masu araha suna tura bolt 5 a layukan bayanai, cif mai 1.8 kuma sai da adafta. Na uku, ya kwafe abin da ke cif ɗin yanzu, sau biyu, ya gwada kwafin biyu sun zo ɗaya, kafin ya rubuta komai. Ko lalatacce ne yana iya ɗauke da lambar injinki da mabuɗin Windows, wanda tun zamanin Windows 8 a BIOS ake ajiye shi. In aka shafe aka zuba na wata laftof, suna iya tafiya. Idan bayan gyara kika ga tana mutuwa duk bayan minti 30 cif-cif, wani ɓangare na abin da ke cif ɗin mai suna Intel ME ne ba a daidaita ba, ki mayar masa.

Ƙanen naki kuwa, garin neman gira ya kusa rasa ido, kuma idon ma ba nasa ba. Ki yi masa faɗa, amma ki tambaye shi ko ya ajiye kwafin asalin BIOS kafin ya taɓa. In ya ajiye, rabin aikin ya ƙare.

"Na sa sabon katin Wi-Fi a tsohuwar ThinkPad, ta tsaya da kuskure mai lamba 1802."

ThinkPad, wato laftof ɗin Lenovo, tana da jerin katunan da aka yarda da su a cikin BIOS, naka ba ya ciki. Ana iya cire jerin, amma a laftof da yawa da aka yi daga zuriya ta 4 ta Intel zuwa sama akwai Boot Guard, wanda ke duba hatimin BIOS da mabuɗin da aka ƙone a cikin silikon, kuma in aka taɓa ɓangaren da yake gadi injin ba zai tashi ba sam. Ciro katin ka mayar wa mai shi. Ka nemi wanda ke cikin jerin samfurinka, lambobinsu na cikin littafin gyara da Lenovo ke sakawa a shafinta, ko ka soka ɗan Wi-Fi na USB ka ci gaba da aikinka.