Gasar 'yan badujalar Amurka: wasan da ne ya fi wuya ko na yanzu?

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Ka ce ka shiga kallon gasar ƙungiyoyin ganga da busa ta Amurka, wato DCI, a YouTube, sai ka tarar ana ta cacar baki a ƙasan kowane bidiyo. Tsofaffin 'yan kallo na cewa wasan yanzu ya koma rawa da jan katakon dandamali cikin fili, na da ne aikin maza. Matasa na cewa na yanzu ya fi wuya nesa ba kusa ba. Alƙalai kuwa kowa zaginsu yake yi. Kana son sanin wa ke da gaskiya.

Ni ba mabushi ba ne. Ɗana ne ya yi busa a ɗaya daga cikin ƙungiyoyin har shekaru suka fitar da shi, don a wannan gasa da zarar ka kai 22 ka kusa sallama. Ni kuma na riƙa bin su a matsayin ɗan sa-kai a motar girki, kuma tsakanin abincin rana da na dare ba ni da aikin da ya wuce in tsaya bakin fili in kalli atisaye. Abin da na gani daga can shi ne wuyar ba raguwa ta yi ba, ƙaura ta yi. Ta tashi daga inda ido ke ganinta ta koma inda sai wanda ya tsaya a cikin filin zai san da ita. Amma tsofaffin ma suna da ƙorafi na gaskiya, zan zo kansa.

Sai ka fara sanin yadda ake ba da maki, in ba haka ba duk gardamar ba za ta yi maka ma'ana ba. Maki 100 ne: 40 na tasirin wasan gaba ɗaya, 30 na abin da ido ke gani, 30 na kiɗa da busa. Kowane alƙali kuma abu biyu yake aunawa, abin da aka ɗora wa yaran su yi, da yadda suka iya yin sa. In ka rubuta musu abu mai wuya suka yi shi da datti, ka faɗi. In ka ba su mai sauƙi suka yi shi tsaf, akwai inda makinka ba zai wuce ba. Da ba haka abin yake ba. Tun daga gasar farko a 1972 har zuwa 1983, alƙali na yawo ne a fili da allo a hannu, kowane kuskure ya ɗiga maka, a cire daga makinka. A irin wannan tsari mai wayo shi ne wanda ya rage abin da zai iya jawo kuskure. Daga 1984 aka koma tara maki maimakon zaftare shi, kuma in kiɗa ya canza dole rawa ta canza. A daidai lokacin ne George Zingali ke zana wa Garfield Cadets jerin nan masu lanƙwasa da gudu, ba layuka miƙaƙƙu irin na faretin soja ba, suka ci kofi sau uku a jere daga 1983 zuwa 1985. Saboda haka abin da tsofaffin yau ke kira "na gargajiya" shi ma a zamaninsa bidi'a ne, kuma an zage shi.

Wuyar wancan zamani, musamman daga ƙarshen shekarun 1980 zuwa na 2000, kowa na ganinta. Takun da aka saba shi ne taku takwas a yadi biyar, kimanin santimita 57 kowanne. Sai a buɗe shi ya koma taku shida, wani lokaci har huɗu, wanda ya haura mita ɗaya a kowane taku, a kuma sa kiɗan ya kai bugu 180 ko fiye a minti. Taku uku ke nan a daƙiƙa ɗaya, kana tafiya da baya, ƙirjinka na fuskantar 'yan kallo, ƙaho a bakinka, kuma bai halatta girgizar ƙafarka ta fito a cikin sautin ba. Masu ganga su ba sa ma juya jiki, tafiyar ƙaguwa suke yi gefe-gefe don gangar ta ci gaba da kallon gaba. Nemi wasan Cavaliers na 2002, wanda ya sami 99.15, ka kalle shi daga kyamarar sama. Mutum fiye da ɗari na ratsa juna a guje kamar za su yi karo, sai ka ga sura ta fito cif. Wanda ya taso da irin wannan, in ya ga yaran yau suna birgima a ƙasa, ba laifinsa ba ne in ya ce an rage aiki.

To ga abin da bidiyo ba ya nuna maka. Sauti yana tafiyar kimanin mita 343 ne a daƙiƙa. Filin ƙwallon Amurka yana da tsawon mita 91, faɗinsa kuma kusan 49. In kiɗa na tafiya a bugu 180, kowane bugu sulusin daƙiƙa ne, ke nan sautin wanda ke layin baya yana isa layin gaba ne a makare da kusan rabin bugu. Daga wannan ƙarshen fili zuwa wancan kuwa jinkirin ya kusa cika bugu guda. Ka san yadda kake hango mai faskare daga nesa, ka ga gatari ya sauka sannan daga baya ƙarar ta iso ka? Haka kowane yaro ke jin ɗan'uwansa a filin nan. A da, yawancin lokaci masu ganga na tsakiya ko baya, masu busa na kewaye da su, ƙa'idar kuma mai sauƙi ce: ka saurari na bayanka. Yanzu masu tsara wasa sukan watsa yaran daga wannan kusurwa zuwa waccan, masu ganga a can gefe, masu marimba, wato kayan kiɗan nan mai jerin katakai da ake bugawa da sanduna, a gaba, wani mabushi shi kaɗai a kan wani dandamali, ga kuma lasifika na fitar da nata sautin. Kowa da dokarsa. Wani an ce masa ya bi hannun madugu, mai nuna musu bugun kiɗa da hannu, daidai, wani ya riga hannun da ɗan kaɗan, wani ya toshe kunnensa gaba ɗaya ya dogara da ido, 'yan gaba kuma kada su kalli hannun ma, su saurari baya kawai. Kuma dokar na sauyawa da zarar ka matsa yadi goma.

Na sha tsayawa a bayan fili lokacin atisaye ina kai musu ruwa. Daga can abin da kake ji hargitsi ne, kamar kowa na kiɗan gabansa. Ka zagayo ka hau saman kujerun 'yan kallo, sai ka ji ya haɗu ya zama abu ɗaya. Ɗana ya ce abin da ya fi ba shi wahala a shekararsa ta farko ba gudun ba ne, koyon yarda da cewa in ya ji kansa daidai da na kusa da gangar to ya makara. Wannan wuya babu mai tafa mata, domin in an yi ta daidai ba abin da za ka lura da shi.

Haka batun rawar. Mutane na raina ta, amma busa doguwar murya kana tsaye da ƙafa ɗaya, ko kana durƙushe ka karkace, ya fi busa ta kana tsaye ƙyam wuya, saboda numfashin daga ciki yake fitowa, kuma cikin ne ke riƙe da kai kada ka faɗi. Wanda ke saɓe da tuba, babban ƙahon nan mai nauyi, a kafaɗa shi ya san wannan.

Inda nake bayan tsofaffi kuwa shi ne nan. Masu tsara wasa sun gane cewa alƙalin busa na son jin sauti mai tsabta, alƙalin tafiya na son ganin motsi mai wuya, amma ba lallai ne a ba su biyun a lokaci ɗaya ba. Sai ka ga an yi gudu ƙahoni na ƙasa, fiyanon lantarki da 'yan marimba na cike gurbin, sannan a zo a tsaya cak, ko a hau kan katako, a busa wurin da ya fi sarƙaƙiya. Kowane alƙali ya sami abin da yake so, makin ya fito, amma haɗa biyun, wanda shi ne asalin abin da ya bambanta wannan fanni da zaman makaɗa a zaure, ya ragu. Ba duk ƙungiyoyi ke yin haka ba, ba kuma ko'ina a cikin wasa ba, amma in ka fara lura da shi za ka riƙa ganinsa.

Sai lantarki. A 2000 aka bar tilasta begilar nan mai muryar G, aka yarda da ƙahonin da kowane bandi ke amfani da su. A 2004 aka shigo da makirfo da lasifika, a 2009 kayan kiɗan lantarki, a 2014 turombon da danginsa. Kowane mataki sai da aka yi rigima a kansa. Ni ban ƙi lantarki ba in an yi abin da ƙaho ba zai iya ba. Bluecoats na Canton a jihar Ohio sun yi haka a 2014, inda suka busa murya ɗaya na'ura ta karɓe ta ta lanƙwasa ta, su kuma suka sake cafke ta, filin ya ɗauki ihu. A 2016 suka ajiye kaki da doguwar hula gaba ɗaya, suka fito da fararen kaya suna sulɓi a kan gangaren katako, suka ci kofinsu na farko, bayan nan kuwa kusan kowa ya bi sahu. Abin da na ƙi shi ne a sa na'ura ta riƙa ƙara wa tuba kauri daga ƙasa, ko a liƙa wa zaɓaɓɓun mabusa makirfo a ɗaga su sama da sauran. Yaro ya kwashe wata uku yana gina ƙarfin huhu a cikin rana, sannan wani ya murɗa maɓalli ya ninka shi. A nan kam ban san me alƙali ke aunawa ba, yaran ko mai riƙe da na'urar.

Ra'ayin 'yan kallo kuma kada ka ɗauke shi da zafi, domin yana juyawa. A 1993 Star of Indiana suka kawo wasa a kan kiɗan marubuta kiɗa Barber da Bartók, mai kaushi, mai yawan shiru, da motsin jiki irin wanda ake kuka da shi yanzu. An yi musu ihun ƙi a filaye. Suka zo na biyu, Cadets, wato tsohuwar Garfield Cadets, suka wuce su da 0.1 kacal, daga nan suka bar gasar. Yau ka tambayi masoyan fannin wasannin da suka fi tasiri a tarihi, da wuya a lissafa biyar babu shi, har da waɗanda suka yi ihun. A ɗaya ɓangaren, Madison Scouts na 1995 sun tayar da filin wasa tsaye, amma na huɗu suka zo. Ba kasafai son jama'a da makin alƙalai ke haɗuwa ba, shi ya sa har yanzu ake maganar gasar ƙarshe ta 2008 a garin Bloomington: Phantom Regiment suka zo da labarin Spartacus, bawan da ya yi wa Rumawa tawaye, suka fara makon suna na uku, suka hau na biyu, daren ƙarshe suka doke Blue Devils da 0.025.

Su Blue Devils ɗin, na Concord a Kalifoniya, su ne suka fi kowa yawan kofi, su ke riƙe da maki mafi girma, 99.65 a 2014, kuma su aka fi zargi da yi wa alƙalai wasa ba jama'a ba. Akwai ƙamshin gaskiya a zargin, sai dai dalilinsa ba son kai ba ne. Alƙalai na ganin wasa ɗaya sau da yawa daga ƙarshen Yuni zuwa Agusta, suna kuma zama da malaman ƙungiya bayan gasa a yi bayani. Wasan da ke da abubuwa a ɓoye yana ƙara musu daɗi duk lokacin da suka sake gani. Mutumin da ya sayi tikiti, ya tuƙo mota daga nesa, sau ɗaya zai gani, minti goma sha ɗaya ko sha biyu, yana son abin da zai buge shi a ƙirji nan take. Dukansu ba wanda ya yi ƙarya. Na kuma lura, in ka tambayi mutum wane zamani ne ya fi, kusan kullum shekarun da ya fara kallo zai ambata maka.

Akwai gefen da masu gardama a intanet ba su cika taɓowa ba, mu iyaye kuwa shi muka fi ji a jika. Duk wani dandamali da ka gani a fili sai an ƙera shi, an nemo tirelar da za ta ɗauke shi, an biya direba da mai, an sami masu turo shi ciki da fitar da shi kafin lokaci ya cika. Adadin 'yan wasa ma an ɗaga shi zuwa 165. Kuɗin da yaro ke biya don a bar shi ya yi atisayen kusan awa goma sha biyu a rana, ya kwana a ƙasan ɗakin motsa jiki na makarantu, dubban daloli ne. Santa Clara Vanguard, waɗanda suka ci kofi a 2018, ba su fito ba a 2023 saboda matsin kuɗi. Cadets, masu kofi goma, da aka kafa tun 1934, sun rufe a 2024. Ba katako kaɗai ya jawo waɗannan ba, kowace da nata dalilan, amma in ana tseren wa ya fi kayan fili, ƙananan ƙungiyoyi ne ke fara shan wuya, sannan yaran da iyayensu ba su da hali.

In kana so ka yanke hukunci da kanka, bar kyamarar da ke bin fuskoki, nemi ta sama wadda ke nuna filin duka. Sa abin ji a kunne, lasifikar waya ba ta fitar da rabin sautin. Zaɓi mabushi ɗaya ka bi shi daga farko har ƙarshe, ka lura da lokacin da ƙaho ke bakinsa, ƙafafunsa me suke yi a wannan lokacin, kuma ina masu ganga suke daga inda yake. Yi haka da Cavaliers na 2002, sannan Carolina Crown na 2013, sannan Bluecoats na 2024. Tun da ka ce kana nan Amurka, daren ƙarshe ana yin sa ne a filin Lucas Oil da ke Indianapolis cikin watan Agusta, ƙungiyoyi goma sha biyu ke kaiwa. Amma in kuɗin tikiti ya yi yawa, je wurin da suke ɗumama jiki kafin su shiga, galibi kyauta ne, kuma a can za ka tsaya taku kaɗan daga masu busa ka ji su babu lasifika.