Kiwon kyankyasai don ciyar da ƙadangare mai gemu

Ka ce kuɗin sayen ƙwari don ƙadangarenka mai gemu (wani ƙadangaren Ostiraliya da ake kiwo a gida) ya ishe ka, kana son ka kiwata kyankyasai da kanka. Nemi irin da ake kira dubia, 'yan Kudancin Amurka. Ba sa iya hawa roba mai santsi, don haka babbar roba mai murfi, a yanka mata taga a rufe da raga, ta wadatar. Jera kwalin ƙwai a tsaye a ciki. Namiji ɗaya ga mata uku zuwa biyar.

Zafi shi ne komai: kusan digiri 30 suke so, in ya yi ƙasa sosai haihuwa ta tsaya. Ba su karas, lemo da dusa, ka kwashe ragowar kafin ta yi fumfuna. Ni danshi ya taɓa kashe mini rabin garke.

Kada ka yi gaggawa. 'Ya'yan kan yi wata huɗu zuwa shida kafin su girma, in ka fara ɗiba da wuri garken ya ƙare. Kyankyason ɗaki kuwa, a kul ka ba ƙadangaren, ƙila ya ci maganin ƙwari.

Ba ƙadangaren kyankyason da bai wuce faɗin tsakanin idanun ƙadangaren ba, ka barbaɗa wa kyankyason garin kalsiyam. In ka ga ƙafafun ƙadangaren na rawa ko haɓarsa ta yi laushi, sai likitan dabbobi.